Kuɗin Masu Kifi da Cocin Melihue

Ranar da injiniya ya zo duba cocin tsibirin Melihue, Doña Eduvina Millalonco ce ta buɗe masa ƙofa, domin shekara ashirin da biyu ke nan mabuɗin yana hannunta. Mutumin ba mai yawan magana ba ne. Ya zaga ciki, ya ɗaga kai ya ƙare wa rufin kallo, sannan ya durƙusa a gindin ginshiƙin da ke ɗauke da hasumiya, ya zaro sukundireba daga aljihu ya danna. Ƙarfen ya shige katakon har ƙota, kamar an soki dafaffen dankali.

"Tun yaushe ruwa yake zuba ta nan, Doña?"

"Tun ina budurwa. Bokiti muke sawa."

"Bokiti," ya maimaita, yana goge ƙarfen a gwiwar wandonsa. Ya gwada ginshiƙi na biyu da na uku, duk kanwar ja ce.

Don Baldovino Oyarzo, kafintan jiragen ruwa na tsibirin, yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Tare suka tashi da Eduvina, kuma ita ta riƙe 'yarsa ta fari ranar baftisma, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai komadre, ita kuma ta ce masa kompadre. Ya gyara murya ya ce, "Señor, ɗakin nan ya haura shekara ɗari biyu. Girgizar ƙasar da ta kwashe rabin gidajenmu ma ba ta kayar da shi ba."

"Girgizar ƙasa ta 'yan mintoci ce, Don. Shi ruwa shekara hamsin yake yi yana cin abinsa a hankali. In iskar damina ta taso da ƙarfi hasumiyar nan za ta sauko, kuma a kan ƙofa za ta sauko."

Bayan mako biyu takarda ta iso daga ofishin bishop cewa a rufe cocin har sai an gyara. Maza huɗu suka ɗauko mutum-mutumin Budurwa Maryamu da na Yesu Banazare a kafaɗa, aka kai su makarantar firamare, aka ajiye su a kusurwar aji kusa da kabad ɗin alli. Eduvina ta kulle ƙofar, ta jijjiga ta sau biyu, ta gangara gida ba ta waiwaya ba.

A tsibiri irin nasu Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, shi ma in teku ya yarda. Sauran kwanakin coci na hannun fiskala ne, wato wadda jama'a suka damƙa wa riƙonsa. Ita ke buɗewa, ita ke jan addu'ar Lahadi, ita ake tasowa in wani yana gargara, ita ke karanta wa gawa addu'a. Eduvina ta gaji aikin daga mahaifinta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, manyan 'ya'yanta biyu sun tafi ci-rani kudu ba su dawo ba. Autanta Aliro kaɗai ya zauna, ya auri Yasna, suka haifi Maite, duka a gida ɗaya da ita.

Aliro mai nutso ne. Yana aiki da kamfanin da ya cika mashigin ruwansu da kejin kiwon kifin salmon. Aikinsa ya sauka da tiyon iska a baki ya kwaso matattun kifi daga gindin raga. Ranar da ya mutu, shekara uku kafin zuwan injiniya, saukarsa ta bakwai ke nan tun safe. Kowa a jirgin ya san ƙa'ida ba ta yarda da haka ba, kowa kuma ya ji shugaban aiki yana cewa lallai a gama kafin yamma. Tiyon ya sarƙe a raga. Kafin a jawo shi rai ya yi halinsa.

Takardar kamfani ta ce shi ya sauka bisa raɗin kansa, shi ya karya ƙa'ida. Abokan aikinsa biyu sun zo gaisuwa sun yi kuka har da majina, amma da aka kira su ba da shaida sai ba wanda ya tuna komai. Su ma suna da 'ya'ya. A makon nan teku ya yi hauka, Fada bai iya hayowa ba, sai ita Eduvina ce ta tsaya a gaban bagade ta karanta wa ɗanta addu'ar gawa daga farko har ƙarshe. Bayan wata biyar Yasna ta sami aikin fiɗar kifi a masana'antar kamfanin nan dai a birnin Castro, don babu wani aikin a faɗin yankin. Litinin take tafiya, Asabar ta dawo. Ita da surukarta ba su taɓa buɗe baki a kan wannan ba.

Da aka rufe cocin sai aka kafa kwamitin neman kuɗi na mutum uku: Eduvina, da Baldovino, da malamar makaranta Señorita Orfelina. Duk tsawon rani, kowace Lahadi, suka riƙa haƙa rami a bakin ruwa suna yin kuranto. A gasa duwatsu su yi ja, a zuba ƙumbar teku da naman alade da kaji da dankali, a rufe da manyan ganye, a sayar wa baƙin da jirgi ya kawo. Hannun Eduvina ya tsattsage da gogar dankali. Suka saka rago a ƙuri'a, Baldovino ya ci, ya mayar. Aka sake sakawa, ya sake ci.

"Kompadre, anya ba ka da hannu a cikin jakar nan?"

"Komadre, ragon ne yake ƙaunata. Ki sake saka shi. Wallahi ya fi Fada kawo wa coci kuɗi."

Orfelina ta rubuta wa duk ɗan tsibirin da ke sausayar tumaki can kudu a Patagonia, wasu suka aiko, wasu ko amsa. Ta cike takardun neman tallafin gwamnati masu kauri kamar Littafi Mai Tsarki, aka amsa musu cikin ladabi cewa suna kan layi, amma akwai majami'u da yawa a gabansu.

"Namu ba ya cikin waɗanda ake bugawa a kalanda," in ji Baldovino.

Eduvina ta sayar da bijimanta biyu na noma, ba ta shawarci kowa ba. Da mai saye ya ja su zuwa jirgi, ɗayan ya yi ta waiwaye, ta shige gida ta rufe ƙofa. Duk da haka, da rani ya ƙare aka aika wa injiniya lissafin abin da aka tara, ya ce zai sayi katakon ginshiƙi ɗaya da rabi, ban da kuɗin dako.

Cikin watan Afrilu Fada Hernán ya hayo, ba ranar zuwansa ba. Ya iske ta a kicin tana ferar dankali. Ya zauna kusa da murhu, ya karɓi shayin mate, ya yi ta juya ƙoƙon a hannu bai sha ba.

"Fada, in mutuwa aka yi ka faɗa mini. Na saba."

"Ba mutuwa ba ce, Doña Eduvina. An sami wanda zai ɗauki nauyin gyaran duka. Ginshiƙai, hasumiya, rufi, komai."

"Wane bawan Allah ne wannan?"

Sai ya dubi taga. Daga nan ana hango kejin kifi jere a kan ruwa, da ma'aikata cikin jajayen riguna suna kai da komo. Eduvina ta ajiye wuƙar a hankali.

"Sha shayinka, Fada, zai huce."

"Ban roƙe su ba, su suka aiko. Abin da suke so kawai sa hannun kwamiti, da ɗan allon tagulla mai sunansu a gefen ƙofa."

"A gefen ƙofar da aka fito da Aliro."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, Fada. Ba ka nan."

Ya sunkuyar da kai. Ta san teku ne ya hana shi zuwa a wancan makon, ta san maganar ba adalci a cikinta, amma ba ta janye ba.

Ranar Lahadi aka yi taro a aji bayan addu'a, manyan mutane sun takure a kujerun yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Wasu suka ce kuɗi ba shi da wari. Wasu suka ce kamfanin ya riga ya ɓata musu ruwa, ko ƙumba ta ragu, to ya biya wani abu mana. Don Nicanor mai kanti ya miƙe da zafinsa ya ce, "Jama'a, mu bar wahalar da kai. Ai wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake."

Matarsa ta finciko gefen rigarsa ya zauna, kunnuwansa suka yi ja. Ba wanda ya iya duban inda Eduvina take.

Can sai Baldovino ya ce, "Ni dai hannuna ba zai taɓa takardar nan ba sai komadre ta sa nata."

"Ni ma haka," in ji Orfelina.

Nan da nan kowa ya kama, sai abin da Doña Eduvina ta ce, ita ke da magana. Girmamawa suke nufi, ta gane. Amma tana zaune tana jin yadda suka ɗauki cocin ɗungurungum, da hasumiyarsa da ruɓaɓɓun ginshiƙansa, suka ɗora mata a ka, kowa ya karkaɗe hannunsa.

"A'a," ta ce. "Za mu ƙara yin kuranto."

Ba wanda ya yi mata musu. Aka miƙe aka jera kujerun yara aka watse.

Damina ta shigo da ƙarfinta. A watan Yuni iska ta ɗaye fallayen katako daga gefen hasumiya ta watsa su har cikin maƙabarta, gicciyen da ke sama ya karkace. Kullum da safe Eduvina takan hau tudu ta tsaya a ruwa ta duba ko yana nan. Babu baƙi a damina, babu kuranto.

A watan Yuli Doña Clorinda ta kwanta. Shekararta casa'in da ɗaya, kuma ita ta koya wa Eduvina saƙar ulu tun tana yarinya. Eduvina ta zauna a gefen gadonta kwana uku tana jan carbi. Tsohuwar ta riga ta ruɗe, ba ta san an rufe cocin ba, ko kuma ta manta.

"Eduvina, 'yar nan, ki tabbata a gaban bagade za a ajiye ni. Ta hagu, inda na tsaya ranar aurena."

"To, Doña Clorinda."

"Kuma a buga ƙararrawa sosai. Kar a bar Baldovino ya buga, ba shi da hannu."

"To."

A kan teburan yara biyu aka ajiye akwatin gawarta, ƙarƙashin taswirar duniya da allon baƙaƙe mai hoton agwagwa da jaki. Ba a buga ƙararrawa ba, don injiniya ya hana a taɓa igiyar. Hanyar maƙabarta ta gaban coci take bi. Da masu ɗauke da akwatin suka zo daidai kullalliyar ƙofar sai suka tsaya, ba wanda ya ce su tsaya. Suka yi kamar minti ɗaya ruwa na dukansu, sannan suka ci gaba. Bayan an rufe kabari 'yar marigayiyar ta rungume Eduvina ta yi mata godiya. Da ma zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Asabar ɗin da ta biyo baya ruwa ya ɗan tsagaita, teku ya janye, ita da Yasna suka sauka bakin gaɓa da kwanduna suna tonon ƙumba a cikin yashi. Sun daɗe kowa na sunkuye. Sai Yasna ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Mama, zan yi magana. In kin ga dama ki kore ni daga gidanki."

"Wa ya taɓa cewa zai kore ki?"

"Fulawar da muke ci, da takalmin Maite, da maganin hawan jininki, kin san daga ina suke fitowa. Ba ki taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Awa goma nake yi a tsaye hannuna a cikin kifinsu. Wani lokaci in na ɗauki kifi sai in ce ko daga kejin nan ya fito. In shiga banɗaki in yi kukana, in wanke fuska, in dawo kan layi."

Eduvina ta ci gaba da tono.

"Ni ma mijina ne, Mama. Ban yafe musu ba, kuma ba zan yafe ba har in mutu. Amma wannan ƙin da kike yi, su ba su ma san kina yi ba. Ba wanda ya fasa cin abinci a can saboda Melihue ta ƙi kuɗinsu. Doña Clorinda ce ta biya."

"Kina so in sayar da shi ke nan."

"Me ya rage da za ki sayar? Sun riga sun ɗauke shi kyauta."

Sandar tono ta suɓuce daga hannun Eduvina. Yasna ta toshe bakinta da tafin hannu, kamar tana so ta mayar da maganar ciki.

"Mama, ki yi haƙuri, ba haka..."

"Haka ne." Ta ɗauki sandar ta goge yashin da ke jikinta. "Haka ne, 'yata. Cika kwandonki, ruwa na dawowa."

Ranar Litinin ta saka baƙin siket ɗinta na zuwa birni da mayafin ulu, ta bi Yasna cikin jirgin safe. A Castro suka rabu, Yasna ta nufi masana'anta, ita kuma ta tambayi hanya har ta sami ofishin kamfanin. Aka ajiye ta a kujera mai laushi, a gaban wani ƙaton hoton kifi yana tsalle a cikin ruwa garai-garai. Wanda ya fito ya tarbe ta saurayi ne mai suna Señor Lecaros, ba zai wuce sa'ar Aliro ba. Daga Santiago, babban birnin ƙasar, aka turo shi bara. Ya miƙo mata hannu biyu, ya ja mata kujera da kansa.

"Doña Eduvina, na ji labarinki sosai. Abin alfahari ne a gare mu mu taimaka wa cocinku."

"Ka ji labarin ɗana?"

Murmushinsa ya ragu. "Na karanta takardun. Ina yi miki ta'aziyya. Lokacin ban zo ba."

"Na san ba ka zo ba. Abu ɗaya na zo nema, in ka yi mini zan sa hannu yanzu. Ba kuɗi ba ne, ba kuma ƙara zan kai ku ba, na tsufa da wannan. A takardarku an rubuta Aliro ya sauka bisa raɗin kansa. Ina so ku rubuta mini a 'yar takarda, ko layi biyu ne, cewa tura shi aka yi. Yana da 'ya. Wata rana za ta girma ta karanta cewa ubanta ganganci ya kashe shi. Zan ajiye mata a akwati, ba wanda zai gani sai ita."

Saurayin ya miƙe. Ya ce ta ba shi minti biyar, ya fita da wayarsa. Ta cikin gilashi tana ganinsa yana zarya, yana magana yana yarfa hannu, ya tsaya ya saurara, ya sake magana. Ya fi minti ashirin. Da ya dawo bai iya haɗa ido da ita ba.

"Na yi ƙoƙari, Doña. Lauyoyinmu sun ce ba zai yiwu ba, an riga an rufe maganar. Amma sun yarda da wani abu. Za a iya ƙara sunansa a allon, a rubuta cewa an yi gyaran don tunawa da Aliro. Ina ganin zai yi kyau."

"A ƙarƙashin sunanku."

"Ko a sama, duk yadda kike so."

"Kar ku taɓa sunansa." Ba ta ɗaga murya ba. "Ba ku rubuta gaskiya a kansa ba, to kar ku rubuta komai. Ina takardar?"

Ya ɗago da mamaki. "Za ki sa hannu duk da haka?"

"Akwai tsofaffi a garinmu da ba za su kai wata daminar ba. Miƙo."

Rubutu yana yi mata wuya, ta daɗe tana jan sunanta baƙi bayan baƙi. Ya ce a kawo mata kofi, ta ce ta gode. Ya ce direba ya kai ta tashar jirgi, ta ce ƙafarta lafiya lau. Da ta fito titi sai ta rasa ta ina ta zo. Ta zauna a dakalin wani kantin takalma, jakarta a cinya, har mai kantin ya leƙo ya tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Hasumiyar ta kai ƙarshen damina da ƙyar. A watan Nuwamba jirgi ya kawo katako da ƙwararru daga birni, aka naɗa Baldovino shugaban kafintocin gari. Aka kira gayya, maza da mata suka fito, aka ja sabbin ginshiƙai daga bakin ruwa zuwa tudu ana waƙa ana ihu. Garin ya yi rai irin wanda ya daɗe bai yi ba. Duk wanda ya gamu da Eduvina sai ya kama hannunta ya ce Allah ya saka, ta ceci cocin. Takan ce amin. Tana dafa wa ma'aikata abinci tare da sauran mata, amma in ta kawo tukunya a bakin shinge take ajiyewa.

Aka buɗe cocin a watan Fabrairu, rana tar. Bishop ya hayo da kansa, 'yan ci-rani suka dawo cike da jirage biyu, masu kiɗan akodiyon da ganga suna gaba, aka ɗauko Budurwa da Banazare daga makaranta aka mayar da su mazauninsu. Ciki sai ƙamshin sabon katako. Maite tana cikin 'yan mata masu fararen kaya da za su karɓi Jibin Ubangiji karon farko. Señor Lecaros yana layin gaba cikin kwat. Aka yaye ƙyalle daga allon tagulla da ke gefen babbar ƙofa, aka tafa.

Addu'ar masu taimako aikin fiskala ne. Orfelina ta raɗa mata cewa in tana so ita za ta karanta, Eduvina ta girgiza kai ta karɓi takardar. Ta kira sunayen masu sausayar tumaki ɗaya bayan ɗaya, da matan kuranto, da Don Nicanor da ya ba da ƙusa buhu biyu. A ƙarshe ta kira sunan kamfanin, ɓaro-ɓaro, ta roƙi Allah ya albarkaci masu shi da aikin hannunsu. Jama'a suka ce amin. Yasna tana can baya, ta kifa fuskarta a jikin ginshiƙi.

Al'ada ce kuma fiskala ta fara zuba wa babban baƙo abinci da hannunta. Ta cika faranti da kuranto ta kai wa bishop, ta cika wani ta kai wa Lecaros. Ya miƙe tsaye ya karɓa.

"Doña, ban taɓa cin irin wannan ba."

"A ci lafiya, Señor."

Daga nan ta zagaya bayan coci, inda aka tara tsofaffin ginshiƙai za a ƙone. Ta zauna a kan ɗaya, ta ja mayafi ta rufe kanta. Kukan da ya zo mata ba mai sauti ba ne, jikinta ne kawai yake girgiza. Tana jin akodiyon da tafi daga ɗaya gefen. Ba ta san lokacin da Baldovino ya zo ba, sai jin katakon ta yi ya motsa da ya zauna. Ya bar ta har ta lafa.

"Ya yi kyau dai, ko, komadre?"

"Ya yi kyau, kompadre. Hannunka bai mutu ba."

Ya yi ta murza bakin hularsa. "Ranar taron nan, da na ce ba zan sa hannu ba sai kin sa, na ɗauka kare ki nake yi. Daga baya na gane. Da ni da Orfelina mun sa namu, mu biyu sun isa, da kin yi fushi da mu kin huta. Tsoro muka ji, muka bar miki. Ki yafe mana."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Tashi ka koma, za a neme ka a hoto."

"Su ɗauki ragon a madadina," in ji shi, bai tashi ba. Suka zauna nan har aka fara kwashe tebura.

Da Fada Hernán ya dawo a watan da ya biyo baya ta ce masa ya nemi wata fiskala, ita ta gaji. Ya sanar a coci sau uku. Matasa duk suna aikin kifi, Litinin zuwa Asabar, tsofaffi kuma ido ya tafi. Ba a samu ba. Ta ci gaba da buɗewa da shara da jan addu'a kamar da, sai dai ta ƙaramar ƙofar baya take shiga, ta buɗe wa jama'a babbar daga ciki. Da farko an yi ta magana a kai, daga baya aka saba.

Dokin ƙofar bayan yana da tsayi, gwiwarta kuma ta fara ba ta wahala, sai ta dafa bango take hawa. Wata safiya ta zo ta tarar an kafa matakala biyu na sabon katako, da ɗan abin dafawa a gefe, an goge shi sumul. Baldovino bai ce shi ne ba, ita ma ba ta tambaya ba.